Rezo ya daskare kuna tsakiyar faɗa: da wane robo kuke fita a Yamai?

Ɗan Bukoki

Assalamu alaikum ƴan uwa. Zafi ya shigo, kuma duk mai buga War Robots, wasan faɗan robo na waya ta intanet, a Yamai ya san abin da Afrilu da Mayu suke yi mana. Waya na ƙuna a hannu, a ɗauke kuran ba sallama, rezo ya kama jan ƙafa daidai lokacin da mutum biyar suka dogara da kai. Ba jerin robo mafi ƙarfi nake nema ba, YouTube cike yake da wannan, kuma masu yin bidiyon ba a ɗakin kwano suke zaune ba. So nake kowa ya faɗi yadda abin ke zuwar masa, da abin da ya canza a garejinsa, wato jerin robon da yake fita da su, saboda haka.

Nawa dai ga shi. Da Griffin nake fita, Orkan biyu, Pinata biyu. Duka rokoki ne na kusa, mita 300. Ka laɓe bayan gini, ka bar mutum ya matso, ka yi tsalle ka juye masa su gaba ɗaya. In rezo na lafiya babu abin da ya kai shi daɗi. In ba ya lafiya kuwa, ina danna tsalle sai Griffin ya tsaya cak a sama, hoto ya daskare, da ya dawo sai in tarar ana tambayata wane robo zan ɗauka na gaba. Ko wanda ya harbe ni ban gani ba.

Na Harobanda

Wa alaikumus salam yaya. Laifin ba na Griffin ba ne, na nisa ne. Kwamfutocin da ke haɗa wasan ba a ƙasar nan suke ba, ga shi Nijar ba ta da teku. Dole saƙonka ya ratsa ƙasashen maƙwabta ya kai gaɓa, ya shiga wayoyin ƙarƙashin ruwa, ya je, amsa ta biyo hanyar ta dawo. Abin da kake kallo a fuskar wayarka ya riga ya wuce. Wanda ka saita ya riga ya ɗaga ƙafa, su kuma Orkan inda ka nuna musu nan suke miƙewa.

Shi ya sa na koma makaman da ke bin mutum da kansu. Na sa wa nawa Griffin ɗin Hydra da Spiral, duka mita 600. Da alamar ta kama mutum sai ka saki, su za su neme shi. Ɓarnarsu kaɗan ce, na yarda, amma ba sa zubewa a banza. Robona na biyu Natasha ce, da Zeus biyu, makaman nesa, a manyan gurabenta. Kuma ina zaɓen lokaci. A nan kusa da jami'a, daga bayan isha'i zuwa sha biyun dare kowa na kan TikTok, ko hoto da ƙyar yake buɗewa. Sai bayan sallar asuba nake shiga, kafin in wuce aji.

Mai Lancelot

Ashe ku ne! Malam ɗalibi, da ma ina neman ɗaya daga cikinku. A faɗa filin Yamantau, a bar mutum shi kaɗai yana rarrafawa zuwa baliz na tsakiya, ɗaya daga wuraren da ake kamawa a riƙe, ya waiga ya ga ƴan uwansa uku sun jeru can baya suna watsa Hydra. Baliz biyar ne a fili. Ɓangaren da ya riƙe kaɗan, sandar makinsa da ke saman allo ce ke saurin ƙarewa, ko da kuwa ya fi kashe robo. Wasan minti goma ne, ba a cinsa daga bayan dutse.

Maganin rezo marar kyau a wurina shi ne robo mai haƙuri. Lancelot gurbi babba ɗaya gare shi da matsakaita biyu. Na ɗora garkuwar Ancile a babban, bindigogin Taran biyu a gefe. Ancile na tare rokoki da harsashi, garkuwar ƙarfen da ke gabansa kuma na tare wutar su Taran da Magnum. In hoto ya daskare ina tsaye kan baliz, fuskata na kallon abokan gaba, sau da yawa nakan dawo in tarar da raina, baliz ɗin ma yana nan shuɗi, launin ɓangarenmu. Tafiyarsa ce dai sai a hankali.

Na Harobanda

Babban yaya, ai ban ce ba na kama baliz ba. Wanda ke kusa da gida ni ke kama shi.

Mai Lancelot

Wanda ke kusa da gida ko ɗan yaye zai kama shi.

Ba'adare na Katako

Ku yi haƙuri in shiga tsakaninku. Ni gyaran waya nika yi, kuma rabin abin da kuka kira rezo ba rezo ba ne, zahi ne. Waya in ta ɗau zahi da kanta taka rage gudun injinta don kada ta ƙone, sai hoto ya kama tsinkewa, kai ko kana zagin masu rezo. Ga gwaji mai sauƙi: in wasan farko shina tahiya lahiya, na ukku ya fara kakkatsewa, kuma bayan wayar ba ya taɓuwa, to ba rezo ba ne.

Wani yaro ya kawo min tashi kwanan baya. Murhin baya ya ɗaga, gam ya saki, da na buɗe batir ya kumbura kamar fanke cikin mai. Na tambaye shi, ya ce tana jone da caji yaka bugawa, bisa katifa, da riga a jikinta, da tsakar rana. Abu huɗu ke nan, kowane ɗaya ya isa. Ku cire ma waya riga in za ku buga. Ku cika caji tun da wuri ku zare. Ku shiga saiti ku rage kyawon hoto, inuwa da hayaƙi ba su kashe kowa. Kuma don Allah ku bar ɗora ta bisa ƙanƙara ko sa ta cikin firigo. Raɓa ka taruwa ciki, bayan sati ku kawo min ita allo ya yi tsatsa.

Zancen robo kuwa, ni da Cossack nika farawa kullum. Makami guda gare shi, jiki babu, amma tsalle kamar ba gobe. Kahin manyan su taso na kama baliz biyu. In anka kashe shi ba ni jin komi, da azurfa kaɗan, kuɗin cikin wasan, na saye shi. Ranar da munka buga da yaran Wadata, da wanga ƙaramin abu munka ci su, su da sunka zo da kaya masu tsada.

Tanti Mai MD

Sannunku ƙannena. Ni na bar War Robots sai lokacin sanyi. Da zafi Mech Arena nake bugawa, wanda Plarium suka fitar a 2021. Biyar da biyar ne, filayen ƙanana, wasa ɗaya bai fi ƴan mintoci ba, kafin waya ta yi zafi an gama an tashi. Ko kuran ya tafi ko rezo ya yanke, abin da ka rasa kaɗan ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne haɗa makamai. Kowane robo yana da iyakar ƙarfin da zai iya ɗauka, kowane makami kuma da lambarsa a jikin sunansa, jimlar biyun ba za ta wuce iyakar ba. Sai ka zauna kana lissafi: in sa manya biyu daidai wa daida, ko babba ɗaya da ƙarami? Ni MD nake riƙewa, mai yi wa ƴan uwa magani, in bi bayan Juggernaut ɗin ƙanena. Aikin ba ya son saiti mai kyau, kusanci kawai yake so, don haka jan ƙafar rezo bai cika damuna ba.

Wani abu kuma da ba wanda ya faɗa: ku daina kiran juna ta WhatsApp kuna cikin wasa. Murya na cin rezo, tana ƙara wa waya zafi. Mu a Talaje tabarma ɗaya muke shimfiɗawa a tsakar gida bayan isha'i, ni da ƙannena da ɗan maƙwabta. Wanda ya ga abokin gaba ya ɗaga murya kawai. Inna ce dai ke leƙowa ta taga tana tambayar wa ake cewa a kashe.

Tsohon Mai Sibar

Yara, ku gode wa Allah kuna da robo biyar a gareji, wannan ya mutu ku ɗauki wancan. Mu da muka fara da MechWarrior Online a kwamfuta, wanda ya fito a 2013, robo ɗaya ake ba ka a wasan yau da kullum. Sha biyu da sha biyu, an raba kowane ɓangare huɗu-huɗu. Ka mutu, ka koma ɗan kallo har a tashi.

Can nauyi ne komai. Ƙananan daga tan 20 zuwa 35, matsakaita 40 zuwa 55, manya 60 zuwa 75, sai ƙattai daga 80 zuwa 100, irin su Atlas. Duk abin da za ka ɗora, sulke ne, inji ne, harsashi ne, daga cikin nauyin nan za ka cire. Ga kuma zafi. Kowane harbi na lesa yana ƙara wa robo zafi, in ya wuce iyaka sai ya mutu a tsaye na ɗan lokaci, abokan gaba na kallonka. Dole ka rage makami ka ƙara abin sanyaya inji. Filin ma da nasa: haɗin da ya yi maka aiki a Frozen City mai ƙanƙara, ka kai shi Terra Therma mai aman wuta, harbi kaɗan zai kwantar da kai. Nakan kwashe dare ina cire tan ɗaya nan ina mayar da shi can, wasan kansa ban buga ba. Har yau ina ganin wannan ne rabin daɗin.

A wasan ana zaɓen yankin da za a haɗa ka. Ni Turai kawai nake bari, in cire Amurka, jinkirin ya fi sauƙi.

Wahalar da ba zan manta ba ita ce ta 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da takunkumi ya hau, Najeriya ta yanke wutar da take turo mana, aka koma rabon kuran unguwa-unguwa. Wani dare ina cikin Atlas, ni ne a gaba, mutane sun jeru a bayana za mu kutsa, sai ɗif. Fanka ta tsaya, allo ya yi baƙi. Kafin in tada gurup, kwamfuta ta tashi, in koma cikin wasan, na tarar an cire min hannu ɗaya da rabin ƙirji, waɗanda suka biyo ni kuma duk sun zube, don ƙato ya toshe musu hanya a lungu. Abin da suka rubuta min da Turanci da Jamusanci ba zai maimaitu a nan ba. Tun daga lokacin na haɗa batir da sola, kwamfuta da akwatin intanet suna kansa. Kuma in na ga alamar daren ba shi da tabbas, ba na ɗaukar robon da jama'a za su jingina da shi. Matsakaici nake ɗauka in tsaya a gefe, in na ɓace ba a rasa komai ba.

Yaron Yantala

Baba, wannan labari ya ba ni tausayi wallahi. Ni kuwa na huta da rezo gaba ɗaya. A gidan wasan unguwarmu akwai Armored Core VI a PS4. FromSoftware suka yi shi, ya fito 25 ga Agusta 2023, amma asalin jerin tun 1997 yake. Komai kai ke haɗawa: kai, ƙirji, hannuwa, ƙafafu, janareta, makami biyu a hannu biyu a kafaɗa. Ƙafafun ma iri-iri, akwai na tanka masu ɗaukar kaya, akwai huɗu masu shawagi a sama, akwai masu lanƙwasa ta baya don tsalle. Kuma in ka sayi abu bai yi maka ba, a farashin da ka saya za ka sayar, gwaji ba ya cin ko sisi. Akwai faɗa ta intanet, ɗaya da ɗaya ko uku da uku, amma mu ba mu taɓa shi. Manet muke miƙa wa juna a kan Balteus, wani babban abokin gaba mai wuyar kayarwa a wasan, wanda ya faɗi ya tashi ya ba na gaba, kowa da irin haɗin da yake rantsuwa da shi.

Ɗan Bukoki

Na gode ƙwarai. Ba'adare, na yi gwajinka jiya, gaskiyarka ne, na cire riga na rage hoto, sai da na yi wasa da yawa kafin ya fara tsinkewa. Amma ni ban iya barin War Robots, tun ana kiransa Walking War Robots nake ciki, wasan da ya fito a 2014. Abin da na lura, tun da aka kawo Titan, ƙattan robo, a 2019 da sababbin robo masu ɓacewa da tashi sama, faɗan ya ƙara sauri, kuma duk abin da ya ƙara sauri mu yake cuta. Tsofaffin masu nauyi su suka fi dacewa da mu. Don haka azurfata ba zan watsa ta a robo biyar ba, makaman guda biyu zan riƙa ɗagawa har su kai mataki na 12.

Akwai wanda ya gwada wifi na unguwa, na masu Starlink? Tun da ya shigo ƙasar a 2025 na ga ana sayar da tikiti a wurare da yawa.

Ba'adare na Katako

Na gwada. Da sahe ko tsakar dare shina da kyau ƙwarai, ya hi forfe. Da marece in matasan fada sunka taru su talatin bisa akwati guda, kowa na kallon ƙwallo, gara ka koma ma layinka. Kuma ka zamna kusa da akwatin, ba bayan katanga biyu ba.

Mai Lancelot

To a gwada a gani. Daren Juma'a ƙarfe ɗaya, mu haɗu mu shida. Ni da Lancelot a tsakiya, Ba'adare ya zagaya da Cossack, Ɗan Bukoki ya biyo bayana da rokokinsa. Tanti, ki sauke wasan ko na dare ɗaya ne, ki zo da ƙanenki. Malam ɗalibi kuma an yarda ya zo da Hydra, da sharaɗin in aka faɗa filin Dead City mai lunguna zai ajiye ta ya ɗauki abin faɗan kusa.

Na Harobanda

Ina da jarrabawa ranar Asabar da safe. A mayar da shi daren Asabar, zan zo da robon Leo da Thunder, bindigar faɗan kusa.