Fas ɗin Interrail ko tikiti ɗai-ɗai? Waɗanda suka taɓa zagayen Turai da bazara ku taimaka

Nura Debrecen: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina karatu a Debrecen, ƙasar Hangari, ƙarshen Yuni muke gama jarrabawa. Kuɗin jirgin gida ya fi ƙarfina bana, shi ne ni da abokina muka ce bari mu zaga maƙwabta da jirgin ƙasa a Yuli: Biyana, Firag, Barlin, Munik, Benis, sai mu dawo Debrecen. Shekarata 26, katin zamana sai ƙarshen Agusta zai ƙare. Tambayar ita ce: in sayi fas ɗin Interrail (tikiti guda da ake hawa jiragen ƙasan Turai da shi) na kwana 7 cikin wata guda, ko in riƙa yankar tikitin kowace tafiya daban? Wanda ya taɓa yi ya faɗa min abin da ya kashe don Allah.

Ɗan Gwandu: Wa alaikumus salam. Ka hau bas ɗin Flixbus kawai, ka huta da lissafi. Kuma kada ka bar Faris da Landan a baya.

Habu Hambok: Landan kuma? Ingila ba ta cikin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, da koren fasfo sai da bizarta, ko Eurostar, jirgin ƙasan da ke zuwa Landan, ba za su bari ya shiga ba. Nura, tunda fasfon Najeriya gare ka, fas ɗin Eurail na baƙi za ka saya, Interrail na Turawa ne. Ni kusan yuro 380 na biya na kwana 7.

Maryam S.: A'a Yaya Habu, ba fasfo ake dubawa ba, inda mutum yake zaune ake dubawa. Mai katin zama a Turai Interrail ne nasa. Kuma ni ɗari biyu da 'yan kai na saya, irin wannan na kwana 7 ɗin.

Habu Hambok: Ɗari biyu? Ƙanwata sai dai in na jabu aka sayar miki.

Maryam S.: Ɗan shekara 27 zuwa ƙasa farashin matasa ake yi masa, ni kuma na dace da lokacin rangwame. Kai farashin dattawa ka biya, ka yi haƙuri. Nura, ka lura da abu ɗaya: a ƙasar da kake zaune fas ɗin kwana biyu kawai yake aiki, ranar fita da ranar dawowa. Ka taso daga Debrecen, ka canza a Budapest, ka sauka Biyana duk a rana ɗaya. Budapest zuwa Biyana bai kai awa uku ba.

Maman Hanif: Ɗana Nura, ni dai wallahi ko kyauta aka ba ni fas ɗin nan a Agusta ba na so. Bara muka tashi daga Jamus za mu Italiya, ni da maigida da yara. An ce mana yara 'yan ƙasa da 12 kyauta ne, kuma gaskiya ne, amma gadon jirgin dare kowa sai da muka biya masa. Muna tasha da akwatuna, ana saura kaɗan jirgi ya iso, sai ga saƙo a waya wai an soke shi. Ba zan kira sunan kamfanin ba. Layin teburin taimako har bakin ƙofa, da muka isa matar ta ce na gobe da na jibi duk sun cika. A kan benci muka kwana, na shimfiɗa wa Hanif hijabina, ƙaramar kuma a kan akwati. Da safe muka bi ƙananan jirage, canji bayan canji. Ɗaya daga ciki na'urar sanyinsa ta mutu, tagogi ba sa buɗuwa, mutane tsaye har bakin banɗaki, ruwan gorarmu ya koma kamar na shayi. Sannan a kan iyaka 'yan sanda suka shigo, suka wuce kowa da kowa, sai mu. Fasfo, katin zama, na yara, ina za ku, wa ya biya muku. Wata tsohuwa da ke kusa da mu har sunkuyar da kai ta yi don kunya. Kuɗin gadon nan na cike fom, har yau shiru.

Ummu Afnan: Subhanallah, sannu Anti. Mu ma an yi mana irin wannan duban, maigidana kaɗai aka tayar a taragon.

Ɗan Gwandu: Shi ya sa na ce bas.

Maryam S.: Bas ma ana tsayar da ita, Malam. Tun Satumban 2024 Jamus ke binciken duk iyakokinta na ƙasa.

Alhaji Sani Biyana: Ku saurara, na daɗe ina wannan harka. Hanyar da yaron nan ya lissafa ita ce inda fas ke da riba, don a Ostiriya da Jamus da Cek yawancin jirage ba dole ba ne ka kama kujera, ka shiga kawai. Inda ake cin kuɗin mutum Faransa ce da Sifaniya da Italiya. Frecciarossa kaɗai, jirgin Italiya mai gudu, kuɗin kama kujerarsa wajen yuro 13 ne kowace hawa bayan fas. Hajiya, abin da ya same ki ba laifin fas ba ne, mai tikiti ma da an soke masa.

Maman Hanif: Alhaji kai kaɗai kake yawonka da 'yar jaka a kafaɗa, ba ka san tafiya da goyo ba. Kuma naka zagayen tun kafin korona ne, zamanin fas na takarda. Yanzu yawanci a manhajar waya ta Rail Planner fas ɗin yake, cajin waya ya ƙare ka shiga uku.

Alhaji Sani Biyana: To shi Nuran goyo gare shi?

Bashir Rigasa: Mu da iyakarmu Rigasa zuwa Idu muna nan muna karatu. Nura in ka je Benis ka gaida masu kwale-kwale, ka ce mutanen Yawuri na gaishe su.

Habu Hambok: Maganar gaskiya, in ka san ranakunka tun yanzu, tikitin wuri ya fi arha. Na taɓa samun Barlin zuwa Munik ƙasa da yuro 30.

Maryam S.: Ni sama da ɗari aka nuna min a wannan hanyar, ana gobe tafiya. Tikitin arha kuma jirgi ɗaya aka ɗaure shi da shi, ka makara ya tafi da kuɗinka. Da fas jirgin dare ma kwana ɗaya yake ci, ranar tashi, muddin ba ka canza jirgi bayan sha biyun dare ba.

Ummu Afnan: Ni abin da ya tsaya min a rai katin nan da ya ce zai ƙare a Agusta. Nura ka riga ka miƙa takardun sabuntawa? Wata ƙawata takardar wucin gadi suka ba ta, ta fita da ita, da kyar ta dawo. Ka tambayi ofishin ɗalibai kafin ka sayi komai.

Habu Hambok: Kada ki tono min ciwo. Tun hunturu nake neman ranar ganawa don sabunta nawa, kullum shafin ya ce babu gurbi. Umara ma na fasa saboda haka.

Maman Hanif: Na yara ma haka muka sha. Ka riƙa dubawa bayan sallar asuba, lokacin ake sakin gurabe a wajenmu.

Nura Debrecen: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Katin yana hannuna, da sauransa. To amma fas ɗin zan saya ko tikiti?

Habu Hambok: Hajiya asubar bazara ko ta hunturu? Don a nan yanzu ƙarfe uku da wani abu muke yi.