Abin da aka ce kan ɓerayen gwaji da aka shayar da omo

An yi tattaunawa kan ko omo yana cutar da mutum in ya shiga ciki, ganin abin da ya yi wa ɓerayen gwaji. Ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kowa ya yarda omo ba abin shiga ciki ba ne. Sinadarin da ke kawo kumfa, LAS, yana narkar da maiƙo, haka kuma yake ƙona fatar hanji. Ɓerayen da aka daɗe ana zuba musu a ruwan sha sukan yi gudawa, su ƙi abinci, su rame. A wasu gwaje-gwajen jini ya nuna hanta da ƙoda sun taɓu.

2. Nan aka rabu. Wasu suka ce adadin da ake ɗura wa ɓera ya yi yawa, domin sai LAS ya haura giram 1 a kowane kilo na nauyin jiki yake kashe rabinsu. Ragowar kumfa a kwano ba ta kusa da haka. Wasu suka ce ɗan kaɗan kullum shi ne abin tsoro, musamman ga masu wanke karas da kayan ciki da omo. Ni dai wannan ya fi damuna.

3. An tuna mana ɓera ba ya amai, mutum yana yi, kuma kumfar tana iya shiga huhu.

4. Don haka in yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. A kurkure masa baki, a ba shi ruwa kaɗan, a kai shi asibiti tare da ledar omon.

5. Kada a zuba ruwan omo a robar lemo.