Fim ne ya haifi motocin tsere, ko motocin ne suka haifi fim?

Masoyin fina-finan tsere: Assalamu alaikum jama'a. A ganina, al'adar ɗaukar motar hawa a ƙara wa injinta ƙarfi, a sauke ta ƙasa, a sauya mata fenti da salansa, fina-finan tseren titi ne suka haife ta. Kafin The Fast and the Furious ya fito a 2001, wa ya damu da Toyota Supra? Mota ce da kasuwarta ta yi sanyi har aka daina sayar da ita a Amurka a 1998, amma a 2021 aka yi gwanjon ɗaya daga cikin waɗanda aka yi fim ɗin da su a kan dala 550,000.

Tsohon makanike: Wa'alaikumus salam. Ɗana, ka kama reshe kana ce masa saiwa. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu samarin Kalifoniya ke cusa manyan injuna a cikin tsofaffin motocin Ford suna tsere, kuma da abin ya addabi tituna ne Wally Parks ya kafa NHRA, ƙungiyar shirya tseren motoci, a 1951, domin a mayar da tseren fili na musamman. A Japan kuma, direbobi irin su Keiichi Tsuchiya sun daɗe suna karkata mota a kwanonin hanyoyin tsaunuka tun kafin a haife ka. Shi kansa fim ɗin, daga wani rahoton mujallar Vibe na 1998 kan masu tseren dare a New York aka samo tushensa.

Masoyin fina-finan tsere: Baba, na karɓi gyara a kan tarihi, sai dai abin da ke hannun 'yan tsiraru daban yake da abin da duniya ta sani. Nissan Skyline GT-R R34 ta fara fitowa a 1999, ba a taɓa sayar da ita a Amurka ba, amma mutanen can suka yi ta ƙirga shekaru har dokar da ta yarda a shigo da irin wannan mota idan ta kai shekara 25 ta ba su damar fara shigo da ita a 2024. Wannan ɗokin ba daga gareji ya fito ba, daga fim ya fito.

Malamar kimiyya: Ɗan'uwa, idan yaɗawa ce hujjarka, to a duba me aka yaɗa. Ɗauki iskar naitiros, wadda jarumi ke danna maɓalli sai duniya ta rikice a idonsa. Masu kallo da yawa sun ɗauka wani irin man fetur ne mai ci da wuta, alhali ita ba ta ƙonewa da kanta. Zafin cikin inji ne ke raba ta a wajen digiri 300 na ma'aunin salsiyos, ta saki oksijin mai yawa, wanda ke ba injin damar ƙona ƙarin fetur na ɗan lokaci. Idan ba a ƙara fetur daidai da ita ba, zafi ya wuce kima, fistin ya narke. Ita ma ba sabuwa ba ce, domin jiragen yaƙin Jamus sun yi amfani da ita a shekarun 1940.

Tsohon makanike: Malama ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Darajar Supra a wajen masu sana'armu daga injinta 2JZ ta fito, mai silinda shida a jere da gangar baƙin ƙarfe, wanda ake iya ninka ƙarfinsa ba tare da ya tarwatse ba. A takarda ƙarfin doki 276 aka rubuta mata a Japan, saboda wata yarjejeniya tsakanin kamfanonin ƙasar, amma masu gyara sun san abin da ke cikinta tun kafin a kunna kyamara. Abin da ke damuna shi ne, ban taɓa ganin jarumi ya zauna yana duba birki ko lagireto ba, kuma yaran da ke zuwa wajena salansa mai ƙara suke fara tambaya.

Mai bibiya daga gefe: Baba, a yi wa fim adalci, nishaɗi aka yi shi dominsa. Tseren rubu'in mil, wato mita 402, da mota mai ƙarfi ke gamawa cikin daƙiƙa goma, shi ne ake ja har mintuna a fim, direba na ta sauya giya kamar ba ta da iyaka, kuma duk mun san wasa ne.

Malamar kimiyya: Ba kowa ne ya san wasa ne ba. Idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke buƙata ninkawa take sau huɗu, kuma wannan lissafin ba ya fitowa a allo.

Tsohon makanike: Ga taya kuma. Paul Walker, tauraron waɗannan fina-finan, ya rasu a Nuwamban 2013 a cikin Porsche Carrera GT yana kujerar fasinja, ba a tsere ba. Masu bincike sun ɗora laifin a kan gudu, sun kuma gano cewa tayoyin sun kai shekara tara.

Masoyin fina-finan tsere: To, na janye kalmar "haifa", amma ina nan a kan cewa ba don fim ba, da ni da ire-irena ba mu taɓa buɗe bonet don sanin menene turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ba.

Tsohon makanike: Wannan na yarda da shi, ɗana. Amma tun da ka riga ka buɗe bonet ɗin, gaya mini yaushe rabon da ka canza ruwan birkin motarka?