Filtar man Golf 3: in canza da kaina ko in kai gareji?

Abban Hanifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Golf 3 ɗina ta fara shaƙewa a hawa, in na taka totur sai ta riƙa fizga. Bakanike ya ce filtar mai ce, kuɗin aiki dubu biyar. Na leƙa na gan ta a ƙarƙashi, kusa da tayar baya. Akwai wanda ya taɓa canzawa a gida?

Mai Tasi: Wa alaikumus salam. Ni nake canza tawa. Zare fiyus ɗin famfon mai, ka tada mota har ta mutu da kanta, sannan ka cire kan batir. Akwai kibiya a jikin filtar, bakinta ya bi tiyon da ke zuwa inji.

Na Zariya: Ɗaga kujerar baya, tana cikin tanki.

Mai Tasi: Ta Corolla ke nan, malam. Golf ya ce.

Baba Direba: Yaro, ka ji tsoron fetur. Ƙanena ya shiga ƙarƙashin 406 bayan isha'i, an ɗauke wuta, ɗansa na haska masa da kyandir. Yana zare tiyo mai ya feso masa a ƙirji. Wata biyu muna jinya a asibiti, har yau yatsunsa na dama ba sa miƙewa. Motar 'yan gwangwan muka sayar wa.

Maman Sadik: Subhanallahi! Allah ya ba shi lafiya, Baba.

Mai Tasi: Amin. Amma Baba, laifin kyandir ne.

Baba Direba: Shekara 31 ina kan sitiyari, kai za ka koya mini?

Na Zariya: Dubu huɗu na saya a Ƙofar Ruwa.

Ɗan Kawo: Wace irin filta ce dubu huɗu? Tara na biya a Panteka.

Sarkin Raha: Da wannan tsadar man, me ya rage a tankin da za a tace?

Maman Sadik: Ni 'yan bumburutu ne suka kashe mini famfo. Galan ɗaya na saya a hanya, da aka sauke tanki har da ruwa da laka a ƙasansa.

Ɗan Kawo: Hajiya, gidajen man fa? Kin manta gurɓataccen man Fabrairun 2022? Ga litarsu ba ta cika.

Abban Hanifa: Jama'a, to wace filtar zan saya?

Ɗan Kawo: Jiya jarka mai lita goma na kai, wallahi ko wuyanta bai kai ba.