Yaro ya sa hannu a kwantiragin NHL ko ya ƙarasa digirinsa tukuna?

Baban Difenda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka san harkar hokin ƙanƙara a nan Amurka ku taimaka min da shawara, wallahi kwana uku ke nan ba na barcin kirki. Ɗana na fari a Minnesota aka haife shi, tun yana shekara biyar yake kan ƙanƙara, yanzu shekararsa 21, baya yake tsarewa. Ya gama shekara uku a jami'a da sikolashif, saura shekara ɗaya kacal ya karɓi digiri. Wani kulob na NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, ya zaɓe shi a zagaye na huɗu na zaɓen matasan 'yan wasa da ake yi duk shekara tun kafin ya shiga jami'a, to yanzu da kaka ta ƙare sun aiko suna so ya sa hannu ya bar makaranta. Mahaifiyarsa ta ce ba da yawunta ba sai ta ga takardar digiri a hannunta, shi kuma ya ce abokansa biyu da suke tare a tim sun riga sun tafi, in ya tsaya za a manta da shi. Ni ina tsakiya. Na san wahalar da yaron nan ya sha, tashin ƙarfe biyar na asuba cikin sanyi zuwa atisaye shekara da shekaru, ba na so in zama ni na tare masa hanya, amma kuma da zarar ya sa hannu shi da wasan NCAA, wato gasar jami'o'i, sun rabu ke nan, babu dawowa. Ya kuka gani?

Mai Bin Lig:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin a kai ga ya tafi ko kar ya tafi, ku fara duba me ke cikin takardar, don mutane da yawa in sun ji NHL sai su ɗauka miliyoyi sun shigo gida. Kwantiragin farko na sabon ɗan wasa fuska biyu gare shi. In yana babbar tawaga ana biyansa albashin NHL, mafi ƙarancinsa daga kakar 2023-24 zuwa 2025-26 dala 775,000 ne, na sabon shiga kuma a lokacin an yi masa iyaka bai wuce dala miliyan ɗaya ba, amma in suka tura shi ƙaramin kulob ɗinsu na AHL, lig ɗin da ke ƙasa da NHL, to albashin ya faɗo wajen dala dubu 80 da 'yan kai a shekara, kuma kwana-kwana ake lissafawa, ranar da yake sama a biya shi na sama ranar da yake ƙasa a biya shi na ƙasa. Abin da yake tabbas shi ne kuɗin sa hannu, shi ma ba ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuɗin kwantiragin, a cire haraji a cire kason ejan. Kuma gaskiya difenda ɗan zagaye na huɗu kusan ko da yaushe AHL yake farawa, wasu ma har ECHL, lig ɗin da ke ƙasa da AHL, ake sauke su. Sai ku auna wannan da kuɗin shekara ɗaya na jami'a da sikolashif ke ɗauke muku.

Wani abu kuma da ba kowa ke lura ba, tsawon kwantiragin da shekarun yaro yake tafiya. Daga 18 zuwa 21 shekara uku ne, 22 ko 23 shekara biyu. Ke nan in ya jira baɗi zai iya samun mai shekara biyu, lokacin da zai zauna ciniki na biyu kusan duk ɗaya ne, bai yi wata asarar a zo a gani ba.

Maman Yara Uku:
Yaya ni dai ina bayan matarka, kuma ba don ni ma uwa ba ce kawai. Wasan nan ba wasan lallashi ba ne, ana maka mutum da bango, ana samun bugun kai da ke taɓa ƙwaƙwalwa, gwiwa ta tafi, kafaɗa ta goce, yaro ɗan shekara 24 ya wayi gari likita ya ce masa ya haƙura. To a ranar me zai riƙe? Shekara ɗaya fa ta rage, ba uku ba. Kuma wannan maganar ta ai zai dawo ya ƙarasa daga baya, faɗarta ta fi yinta sauƙi. Jack Johnson ya bar jami'ar Michigan ya tafi NHL a 2007, sai a 2022 ya karɓi digirinsa, shekara goma sha biyar, kuma shi ya dage ne, nawa ne suka ce za su dawo shiru kake ji. Owen Power ma da kulob ɗin Buffalo ya ɗauka na ɗaya gaba ɗaya a 2021 ai komawa Michigan ya yi ya ƙara shekara, kulob ɗin bai gudu ba. In na ɗaya ya iya jira ban ga me zai hana ɗan zagaye na huɗu ba.

Ɗan Gola:
Hajiya ki yi haƙuri, maganar raunin nan kaifi biyu gare ta. In ya koma makaranta gwiwar ta tafi a watan Nuwamba fa? A lokacin ba shi da kwantiragi ba shi da kuɗin sa hannu, kulob ɗin kuma ba dole ba ne su sake buga waya. Na ɗaya kamar Power za a jira shi ko shekara nawa ne, ɗan zagaye na huɗu ba haka ba ne, duk shekara kulob na ɗibar sabbin yara a zagaye bakwai, wani difendan na nan tafe a bayansa. Baba abin da zan ce ka tambaya shi ne, shin yaron yana ƙaruwa a jami'a har yanzu ko ya fi ƙarfin wurin? A jami'a wasa talatin da wani abu zuwa arba'in ake yi a kaka, yawanci Juma'a da Asabar, AHL kuwa wasa 72 ne da manyan maza masu iyali. In shi ne kan gaba a tim ɗinsu yana cin mintuna mafi yawa babu wanda ke ba shi wahala, to zaman ba zai ƙara masa komai a wasa ba. In kuwa har yanzu akwai gyara a jikinsa da gudunsa, ya zauna. Cale Makar haka ya yi, kulob ɗin Colorado ya ɗauke shi na huɗu gaba ɗaya a 2017, ya yi shekara biyu a jami'ar UMass sai da ya ci kyautar Hobey Baker ta gwarzon ɗan wasan hokin jami'a a 2019 sannan ya tafi, wasansa na farko a NHL ya jefa ƙwallo a ragar Calgary. Bai yi gaggawa ba kuma bai wuce lokaci ba.

Mai Bin Lig:
Ɗan Gola ya faɗi gaskiya a kan rauni, amma akwai inshora da 'yan wasan jami'a ke saya don irin wannan, ku tambayi kuɗinta. Sannan Alhaji ka san dalilin da ya sa suke matsawa yanzu? Tsoro suke ji. Haƙƙin da kulob ke da shi a kan yaron da ya zaɓa yana da wa'adi. Jimmy Vesey, Nashville ce ta zaɓe shi a zagaye na uku a 2012, ya ƙi sa hannu ya ƙarasa Harvard, a watan Agustan 2016 ya zama ba na kowa ba, kulob-kulob suka yi ta zawarcinsa ya zaɓi New York Rangers da kansa. Shi ya sa ba sa son yaro ya shiga shekarar ƙarshe ba tare da sa hannu ba. Sai dai an yi sabuwar yarjejeniya tsakanin NHL da ƙungiyar 'yan wasa wadda ke aiki daga kakar 2026-27, don haka mai ba ku shawara ya rubuto muku takamaiman ranar da haƙƙinsu a kan ɗanka zai ƙare. Kuma ku tambayi kulob ɗin ƙiri-ƙiri difenda nawa ne a gabansa masu riƙe sanda ta ɓangare ɗaya da shi, kuma a AHL ɗin za su ba shi mintuna ne ko benci zai ɗumama.

Baban Difenda:
Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya saka da alheri. Daren jiya na zaunar da shi da mahaifiyarsa na karanta musu duk abin da kuka rubuta. Ashe shi kansa bai taɓa tambayarsu inda za su ajiye shi ba, ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya ce kocinsa ya taɓa gaya masa juyawarsa ta baya tana bukatar gyara. Mun duba kwasa-kwasansa, takwas suka rage, gobe zai je ofishin sashensu ya ji nawa ne za a iya yi ta intanet a lokacin hutun bazara, don mahaifiyarsa ta ce in har zai tafi to sai ta ga tsarin a rubuce. Ranar Alhamis kuma za mu yi waya da mutanen kulob ɗin, ni zan yi tambayar yawan difendoji da kaina. Dan Allah wanda ya san yadda ake sayen inshorar nan ya yi min bayani kafin ranar.