Abin da ƴan majalisa suka ce kan sabon zanen dodanni

Muhawarar da aka tafka a majalisarmu ta Zoo Road kan dodannin Dungeons & Dragons (wasan ƙaga labari da ake yi a kan tebur) da kamfanin Wizards of the Coast ya sake zanawa a 2024, shekara 50 da fitowar wasan, ga inda aka tsaya. Masu tsofaffin ƴan gumakan dodanni da ake wasan da su kar ku yar, jan dodo dai har yanzu wuta yake fesawa, shuɗi walƙiya, kore guba, farin kuma sanyi, to meye na kashe kuɗi dala tana wannan tsadar? Wasu sun ce sabon ya fi ban tsoro, ni dai tsohon nake so gaskiya. Mai jan wasa, wato mai ba da labarin, ya siffanta dodon da baki kawai, in hoto ake so a buga a shagon kwamfuta.