Maɗaurin takalmin keke ya tsinke: gam, ɗinki ko canji?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Takalmin tseren keke ne mai maɗauri uku na Velcro, wato mai ɓangaren ƙaya da ɓangaren gashi da ke manne wa juna. Na saman ƙafar dama ya yage daidai inda yake lanƙwasawa cikin zobe. An sa supa gulu, ya riƙe kwana biyu ya sake ɓallewa. Wanda ya taɓa gyara irin wannan ya taimaka da yadda ya yi.

Baduku: Wa alaikumus salam. Malam, supa gulu ba na wurin da ke lanƙwasa ba ne. Idan ya bushe ƙandarewa yake yi kamar gilashi, kuma duk inda ya taɓa sai fatar robar ta karye a gefensa. Fara kankare shi tas da reza. Sai ka samo igiyar nailan irin ta jakar goyo, mai faɗi daidai da maɗaurin, yawanci milimita 20 zuwa 25. Ka yanko abin da zai wuce yagewar da santimita 3 ta kowane gefe, ka ƙona bakinta da ashana don kada ta warware.

A ƙarƙashin maɗaurin za ta zauna. Goge wurin da samfefa kaɗan, share da sifirit, shafa gam ɗin shumeka siriri a fuskokin biyu. Kada ka haɗa yana da danshi. Jira minti 10 zuwa 15, sai ka taɓa da yatsa ka ji yana kamawa amma bai biyo yatsan ba. Haɗa, ka bubbuga da guduma. Gam ɗin nan riƙe maka kawai zai yi har ka ɗinka, ƙarfin aikin yana wurin zare.

Huda ramuka da basilla tukuna, tazarar milimita 3 zuwa 4. Nan mutane ke yin kuskure: su matse ɗinki suna neman ƙarfi, sai ramukan su zama layin da maɗaurin zai yage a kai. Zaren nailan da aka goga wa kakin zuma, allura biyu, kowace ta ratsa rami ɗaya daga ɓangarenta, ta yadda ko ɗaya ya tsinke ɗayan na riƙe. Ɗinka murabba'i a kowane gefen yagewar, ka gitta shi daga kusurwa zuwa kusurwa. Ƙullin ya fito waje, ka narka shi. Ƙulli a ciki, bayan awa biyu kan feda, sai ya sale maka ƙafa.

Mai tambaya: Idan kaurin ya hana shi shiga zoben fa?

Baduku: Gwada kafin ka sa gam. In ya matse, igiyar nailan mai laushi za ka nema. Ka kuma shafa cikin zoben da yatsa. In yana da kaifi ko tsaga, shi ya ci maɗaurin, kuma zai ci sabon.

Makanikin keke: Maganar baduku daidai ce ga Velcro. Amma wanda nasa mai haƙora ne, irin wanda ake ɗaga ɗan marfi yana ƙara matsewa, kada ya ɓata lokaci da ɗinki. Robar ba ta karɓar zare, ba ta karɓar gam. A takalma da yawa ƙaramin noti ne ke riƙe da abin matsewar, kuma kamfanin takalman keke na Sidi na sayar da kayan canjin nasu daban. Duba hagu da dama kafin ka saya, don ba lallai su zama iri ɗaya ba. Ɗiga maganin kulle noti mai ruwan bula, in ba haka ba girgizar hanya za ta kwance shi.

Mai BOA kuma, wato mai ɗan faifan da ake murɗawa yana jan siririyar waya, kamfanin na ba da faifai da waya kyauta idan sun lalace. Ɗauki hoton yadda wayar ta bi ramukanta kafin ka zare tsohuwar. Waya ba a ƙulla ta a ci gaba. Ƙullin zai maƙale a hanyar shiga faifan.

Wani ɗan tsere: Ƙari kaɗan. Sau da yawa Velcro ɗin da ake cewa ya mutu ƙura da zaren safa ne suka cika ɓangaren ƙayar, musamman da hunturu. Tsefe shi da allura ko tsohon burushin haƙori. In ɓangaren gashin ne ya kwanta, farke shi ka ɗinka sabo, na ɗinki, ban da mai gam a baya, don zafin rana na narka shi.

In kuma a hanya ya tsinke, naɗe takalmin da salatif ɗin lantarki zagaye uku ko huɗu, ko yankin tsohon tib, amma kada naɗin ya hau abin da ke kama feda a ƙasan takalmin. Ragowar maɗaurin da ke reto a ƙafar dama ka yanke shi nan take, kusa da sarƙa yake.

Baduku: Na manta abu ɗaya. In daga tushe ya tsige, inda aka ɗinke shi da jikin takalmi, hannu ba ya isa ciki sosai. Nemi shumeka mai keken ɗinki mai dogon hannu, irin Singer 29K, ka ce ya bi tsofaffin ramukan, ya sa ɗan ƙyallen fata a ciki. Ka bar gam ɗin ya kwana ya wuni kafin ka hau keke.